Matar da Ta Juya Kan Zakara

Jawabin Shih Tien-fu, tsohon shugaban sashen ƙarafa, a taron tunawa da marigayiya Nien Hsiu-luan, a harabar masana'antar laima ta gidan Ko da ke garin Hemei, Taiwan.

Mai girma wakilin shugaban gunduma, mai girma shugaban garinmu, shugabannin ƙungiyar masu masana'antu, dattawa masu kula da ɗakin bauta na bakin kasuwa, baƙinmu da suka tsallako teku, ina gaishe ku, kowa da matsayinsa. Maigida Ko Ching-piao, mijin marigayiya, sannu da rashi. Chih-yuan, babban ɗanta, sannu. Ya-wen, autarta, wadda ragamar gidan nan ke hannunta, sannu 'yata. Sai ku na can baya, masu ɗinki da masu ƙarafa da masu ɗaurin kaya, da aka ajiye ku kusa da ƙofa kamar kullum, ku ne nawa, sannunku da zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Shih Tien-fu, amma in ka shigo garin nan kana neman Tien-fu sai ka wuni kana yawo. Ka ce A-fu mai ƙarafa, yaro ma zai kai ka ƙofar gidana. Na shigo masana'antar nan gashina baƙi wuluk, na fita babu ko ƙwaya. Masu shirya taro sun ja ni gefe ɗazu sun ce, "Kawu, a taƙaita." Na ce to. Marigayiya ma ta yi shekara talatin tana ce min in taƙaita, kuma iyakar sanina shi kaɗai ne abin da ta sa gaba ya gagare ta.

Zan fara da abin da kowa ke raɗa, ba wanda ya faɗa da ƙarfi. Tun ranar da muka raka uwar ɗakinmu makwancinta ake cewa Ya-wen ta shaida wa yayanta, da an gama zaman makoki za ta sauka daga kujera, a sayar da masana'antar, masu saye su kwance injuna su yi gaba da su. Dalilinta kuwa, in ji masu raɗa, wai mahaifiyarta ta tafi tana fushi da ita. Ya-wen, ɗago kanki. Ba don in kunyata ki na faɗa ba. Waiwaya ki ga mutanen da ke bayanki, tukunyar shinkafar kowannensu a kan murhun gidan nan take. Ki ara min kunnenki har in kai aya, daga nan abin da kika yanke kin yanke.

Mu mutanen Hemei da laima aka san mu. Ina saurayi, kowane lungu ka bi ƙarar keken ɗinki za ka ji, uwa na ɗinka yadi, kaka na zura ƙarfe, yaro ya dawo daga makaranta ya zauna yana tayawa. Ruwan da aka sheƙa a ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, laimarmu ce ta tare shi. Sai zamani ya juya. Aka ce a tsallaken teku, a babban yankin Sin, ma'aikaci goma ba su kai tsadar namu ɗaya ba. Masu gida suka fara kwashe injuna, yau wannan ya rufe, gobe wancan. Tsoho Ko, mahaifin Maigida Ching-piao, wanda ya kafa gidan nan, shi ma ya je ya dawo da hoton wani fili a aljihu. Bai ce wa kowa uffan ba. Amma kun san masana'anta, bango ma kunne gare shi. Muka ji cewa sashen ƙarafa, wato ni da mutanena, mu za a fara rufewa.

Yaran yanzu ba ku san tsoron zakara ba. A walimar ƙarshen shekara ta yau kiɗa ake yi, ana rabon kyaututtuka, zakaran ma tun a kicin ake cire masa kai. A zamaninmu sukutum ake kawo shi teburin maigida, dafaffe, da kansa da bakinsa. Maigida ba ya korar mutum da baki. Duk wanda bakin zakara ya kalla, ya san abincinsa na ƙarshe yake ci a gidan: ya ƙarasa loma, ya yi godiya, bayan sabuwar shekara kada a gan shi. In kuwa maigida ya juya kan zakara ya kalli shi kansa, to kowa ya saki jiki, ba mai tafiya bana.

A nan harabar aka kafa tamfol a waccan shekarar, daidai inda kuke zaune. Mu shugabannin sassa muna teburin Tsoho. Aka dire farantin. Tsoho ya sa yatsa biyu ya juya shi a hankali, bakin zakara ya wuce mai ɗinki, ya wuce mai ajiya, ya zo kaina ya tsaya. Jama'a, na ji tsoro. Matata na da ciki, mutanena kuwa suna teburin baya sun daina tauna, suna kallona. Barasar dawa da ke hannuna sai da ta zube min a wando.

Hsiu-luan a lokacin matar ɗa ce kawai, 'yar masunci daga bakin teku, ba ta da kujera a teburin nan. Zagayawa take tana zuba wa baƙi shayi, da goyo a bayanta. Ya-wen, ke ce goyon. Ku da kuka san zamanin kun san matar ɗa ba ta ɗaga ido ta kalli surukinta, balle ta sa hannu a farantinsa. Sai muka ga ta ajiye buta. Ta sa hannu biyu ta ɗaga farantin, ta juya shi, bakin zakara ya kalli ƙirjinta.

Tsoho ya ce, "Ke, mene ne haka?"

Ta ce, "Baba, zakaran ne bai zauna daidai ba, na gyara masa."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ci gaba. "Baba, ka ba ni A-fu da mutanensa zuwa walimar baɗi. In ban kawo maka laimar da na ƙetare ba za su iya yi ba, ni ce mai tafiya."

"Tafiya ina? Ke ma'aikaciya ce? Ke fa matar ɗana ce."

"Na sani, Baba. Shi kaɗai nake da shi, shi na sa."

Kun gane abin da ta sa? Zamanta a gidan nan ta sa. In ta faɗi, gidan ubanta za ta koma, ta bar miji da 'ya'ya. Tsoho ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce, "Kowa shaida ne. Da bakinta ta faɗa." Kai kuwa Maigida Ching-piao, ka yafe min, duk tsawon wannan lokacin kanka na cikin kwanon miya, har na ɗauka wani abu ka jefar a ciki. Amma in faɗi gaskiyarka: washegari da sassafe kai ne ka ajiye mata makullin rumfar baya da na motar kamfani a kan keken ɗinkinta, ka wuce kamar ba kai ba.

Da aka watse na bi ta har bakin famfo inda take wanke kofuna. Na ce, "Uwar ɗaki, wace irin laima ce wannan da za mu yi?"

Ta ce, "Oho."

Na ce, "Oho?"

"Ban sani ba tukuna."

"Tabɗi! Ba ki sani ba kika sa aurenki?"

Ta ce, "A-fu, da na tsaya sai na sani, da yanzu kana gida kana yi wa matarka bayani. Miƙo min waccan tsummar."

Abu ɗaya ta sa a gaba: laimar da iska ba za ta karya ba. Mu maƙera kuwa magani ɗaya muka sani, a ƙara kauri. Muka ƙara, muka ƙara, har muka yi laimar da sai ƙato zai ɗaga, kuma iskar teku ta lanƙwasa ta kamar taliya. Rabin shekara ta tafi a haka. Wata rana ta je duba mahaifinta a bakin teku, ta dawo da damin sandunan fatsa, irin na zaren gilashi, ta zube min su a kan benci.

"Yanka min su tsawon haƙarƙarin laima."

Na ce, "Ni maƙeri ne fa, ba masunci ba."

"Yau ka zama duka biyun. Na ga kifi ya ja sandar Babana har kanta ya taɓa ruwa, ta miƙe kamar ba a yi ba. Mun ɓata wata da watanni muna kokawa da iska. A bar laima ta juye mana, in dai za ta dawo."

Ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da injin hura iska. Abin da muke da shi shuɗiyar a-kori-kura ce da hanyar bakin teku. Ita ke tuƙi, ni ake ɗaurewa da igiya a baya, riƙe da laima. Duk wanda ya taɓa shiga motar marigayiya ya san ni ne na fi kowa sa rai a wannan aikin. Wata rana ɗan sanda ya tare mu. Ya dube ni, igiya a ƙugu, sandar laima a hannu babu yadi, sannan ya dube ta.

"Baiwar Allah, me mutumin nan ya yi miki?"

"Aiki yake, yallaɓai."

"Aiki? Da laima, rana tsaka, ba ko ɗigon ruwa?"

"Iska muke nema."

"To kun same ta. Kin san gudun da kike yi kuwa?"

Sai fuskarta ta washe. Ta ce, "Yauwa! Don girman iyayenka rubuta min shi daidai, ma'aunin motar nan ya daɗe da mutuwa." Ban taɓa ganin wanda ya biya tara yana godiya ba sai ita.

A rumfar baya ta kafa wata doka. Duk wanda ya karya laima ta hanyar da ba a taɓa karya ta ba, cinyar kaza ce tasa a abincin rana. Mu da muka tashi ana zaftare mana lada in mun lalata ƙusa ɗaya, sai ga mu muna gasar ɓarna. Daga ranar kowa ya daina ɓoye abin da ya lalace a hannunsa, da gudu yake kawowa a duba.

Injin yanka sandunan ya iso a watan fatalwa, watan da ba a aure, ba a tarewa a sabon gida, ba a kunna sabon inji. Mutanena suka ce sai wata ya fita. Sai ta kwashe mu zuwa ɗakin bauta a tambayi Kakan Ƙasa, abin bautar da ke tsare garinmu. Ta kunna turare, ta jefa katakan tambaya, waɗanda faɗuwarsu ke nuna amsar Kaka, suka ce a'a. Ta sake jefawa, suka ce a'a. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Kaka, ka yi haƙuri, ni ce ban iya tambaya ba. Kunnawa dai zan kunna. Da safe ya fi, ko?" Ta jefa, katako ya ce e. Dattawa, ga ku nan zaune, in ƙarya na yi ku faɗa.

Ba zan ce muku daga nan komai ya tafi sumul ba. Wani babban mai saye daga Japan ya yarda ya zo ya gani. Aka zuba masa shayi, ya buɗe laimar, sai sanda ɗaya ta ɓalle daga gaɓarta ta yi sama ta faɗo cikin kofinsa. Ya goge rigarsa, ya rusuna, ya ce zai yi tunani. Duk wanda ya yi ciniki da su ya san ma'anar zan yi tunani. Rannan zuciyata ta karye. Na same ta a rumfa na ce, "Uwar ɗaki, je ki ba Tsoho haƙuri tun da sauran lokaci. Mu mun saba da wahala, za mu nemi wani aikin. Ke aurenki ne." Ta nuna min Ya-wen, tana rarrafe cikin guntayen sanduna, ta ce, "In na durƙusa yau, me zan ce wa wannan in ta girma?" Muka koma kan gaɓa. Manne, ƙusa, waya, ba abin da ba mu gwada ba, har muka dace da 'yar hular roba mai riƙe sanda ta kuma bar ta ta motsa.

Can ƙarshen damina guguwar teku ta taso, aka hana jirage tashi. Muka ji cewa Bajapanen nan ya zo wani cinikin, ya maƙale a otal a Taichung. Gari kowa ya kulle ƙofa, allunan shaguna na yawo a titi, ita kuwa ta ce in tada mota. Da muka isa otal ɗin ta sa aka kira shi ƙasa, ta tsayar da shi a bayan gilashin ƙofa, ta fita tsakiyar titi ita kaɗai ta buɗe laima. Iska ta juye ta. Ta girgiza hannu, laima ta dawo. Iska ta sake, laima ta sake dawowa. 'Yar mace ƙarama, ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa, tana dariya! Sai ga mutumin nan ya turo ƙofa ya fito da kwat ɗinsa, ya karɓi laimar ya gwada da hannunsa. Kafin jirage su tashi ya sayi duk abin da za mu iya ƙerawa a shekara mai zuwa.

Da walima ta zagayo, aka dire zakara a gaban Tsoho. Ya juya kan ya kalli ƙirjinsa. Sannan ya ce, "A kawo kujera." Aka kawo, ya nuna gefensa na dama, matar ɗansa ta zauna. Shi ke nan abin da ya ce. Bai ce kin kyauta ba, bai ce na gode ba, har ya koma ga kakanni. Hoton filin nan kuwa ba mu sake jin labarinsa ba. Daga ranar muka daina ce mata uwar ɗaki, muka koma ce mata Shugaba.

Ta kasance mace mai sa kanta a gaba kafin ta sa wani. Ba ta taɓa cewa ku je ba, cewa take ku biyo ni.

Ta kasance ba ta da rowar sani. Da maƙwabtanmu da suka rage suka fara durƙushewa, ita ta buɗe musu ƙofar rumfar baya ta ce su zo su ga yadda ake yin gaɓar. Na ce, "Shugaba, sirrinmu fa?" Ta ce, "A-fu, in mu kaɗai muka rage a garin nan, wa zai rina mana yadi, wa zai ƙera mana mariƙi?" Shugabannin ƙungiya, rabinku a rumfar nan kuka koyi abin da kuke ci da shi yau, kuma kun san haka.

Ta kasance ta garinta. Shekarar babbar girgizar ƙasa, da mutanen kan tudu suka koma kwana a filin makaranta, ta dakatar da kayan baƙi ta sa muka yi ta ƙera tantuna da sandunanmu, ita ta tuƙa su da kanta ta hanyoyin da suka tsage. Matar da mijinta ya rasu, ta kai mata keken ɗinki har gida. Yaron da ya faɗi jarrabawa, ta ce a turo mata shi, hannu ma kai ne.

Ta kasance kuma, tunda gaskiya muka zo faɗa, mai zafin baki, mai rowar yabo. Ka kawo mata aikin da ka kwana biyu kana gogewa, ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Ba laifi." In ta ce maka ba laifi, je ka sayi kifi ka kai gida, ka yi bikin. Ina kewar wannan ba laifin, jama'a, kewar da ban san zan yi ba.

Yanzu na zo kanki, Ya-wen. Duk tsawon shekarun nan laimarmu ta zaga duniya, amma da sunan wasu. Mu ke ƙerawa, su ke liƙa tambarinsu. Da ragama ta dawo hannunki bara, kika ce lokaci ya yi da za mu fita da namu sunan, kika zaɓi sunan mahaifiyarki. Kamfanin Japan ya ce in muka yi haka mun zama abokan hamayya, zai janye. A taron shugabannin sassa Shugaba ta buga tebur ta ce ba za a yi ba. Ke kuwa kika miƙe kika ce, "Mama, za a yi. Kin tsufa, kin fara tsoro." Ina wurin. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sake taka ƙofar masana'anta ba. Bajapane ya janye kamar yadda ya faɗa. Ana cikin wannan ƙuncin ciwo ya kwantar da ita. Kina zuwa asibiti da miya kullum, ta sha ta juya fuska bango, ba ta taɓa tayar miki da maganar aiki ba. Kika haɗa wannan da wancan, kika yanke wa kanki hukunci.

To ga abin da ba ki sani ba. Wata rana da hantsi ta aiko a kira ni. Ina shiga ta ce, "A-fu, yarinyar nan ta janye?"

Na ce, "Ba ta janye ba."

"Bajapane ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ta sallami wani?"

"Ko mutum ɗaya. Motarta ta sayar, a babur take zuwa aiki. Shaguna kuma sun fara nema, daga Taipei har Kaohsiung."

Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, nas ta leƙo ta harare ni. Da ta samu numfashi ta ce, "Shekara da shekaru ina jiran wani a gidan nan ya ce min a'a ya tsaya a kai. Duk kun zama to Shugaba, to Shugaba. Har kai, tsohon banza."

Na ce, "To ba fushi kike ba?"

"Na yi mana! Kwana biyu ban ci abinci ba. Abin da ya fi ƙona ni, gaskiya ta faɗa."

"Ki gaya mata mana. Yarinyar nan ramewa take."

Ta ce, "In na gaya mata yanzu, gobe za ta dawo tana tambayata kowane abu, ni kuwa tafiya zan yi. Bar ta ta koyi tsayuwa ba ni. A gaban jama'a ta ja da ni, a gaban jama'a za ka kai mata amsa, bayan na tafi." Sannan ta aike ni kasuwa in sayo mata laimarki ɗaya, ta ce in biya yadda kowa ke biya, kada in ce ta wace ce. Na kawo. Ta sa tabarau, ta bi ta ɗinki ɗinki, ta zo kan tambarin ta tsaya. Ta daɗe tana shafa sunanta da babban yatsa. A iya zamana da ita ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan.

Da na san kina shirin sauka, 'yata, da tuni na karya alkawarin nan, ta zo ta same ni a mafarki mu yi rigimar. Raɗe-raɗin na ɗauka surutu ne kawai, sai shekaranjiya Chih-yuan ya tabbatar min. Ga saƙon, yadda ta ba ni. Ta ce in ce miki ke ce da gaskiya. Ta ce in ce miki ba don fushi ta daina shiga masana'anta ba, ta daina ne don ta ga masana'anta ta samu mai ita. Sannan ta ce, kuma kin san uwarki ba za ta rufe baki ba ta ƙara wannan ba, ta ce in gaya miki ɗinkin maɗaurin laimar ya yi sako-sako, kafin damina biyu zai saki, ki gyara.

Yi kukanki, ba komai, nan duk gida ne. Maigida, riƙe mata hannu. Na sauke kayan da aka ɗora min. Saura tambaya ɗaya, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai, ta mutanen bayan can ce. In kin tafi, Ya-wen, wa zai gyara maɗaurin nan?

Na'am? Ɗaga murya, kunnena ya tsufa.

Kun ji ta? Na baya ba su ji ba, bari in faɗa muku. Ta ce gobe da safe shugabar masu ɗinki ta same ta a ofis da maɗauri da zare! Ku tafa mana! Kada ku ji kunyar manyan baƙi, ku tafa, marigayiya ba ta taɓa son taron da ya yi shiru ba.

Ina godiya ga iyalin gidan Ko da suka ba tsoho irina wannan dama. Ina godiya ga manyan baƙi da suka bar ayyukansu, da waɗanda suka kafa rumfa, da matan da suka tashi tun asuba suna dahuwa. Wanda na taka a cikin maganata ya yafe min, bakin maƙeri ne.

Ubangijin Sama ya haskaka wa Nien Hsiu-luan hanya, ya kai ta wurin kakanni cikin sauƙi, ya hutar da hannayen da ba su taɓa hutawa ba. Ya sanyaya zuciyar mijinta, ya haɗa kan 'ya'yanta, ya ba autarta ƙarfin abin da ta ɗauka. Ya tsare garinmu daga girgiza da ambaliya, ya sa kada hayaƙi ya yanke a murhun kowa.

Yanzu mu miƙe gaba ɗaya mu rusuna mata. Ku kuma masu ɗinki, kun ji abin da Shugaba ta ce, gobe kada wadda ta makara.